Neman Muha a Kan Tubkal

Imlil, ranar Litinin.

Zuwa ga yayata Zayna,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya zafin Agadir? Yaya ciwon bayan nan naki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, ƙanƙara ta fara narkewa a kan dutsen Tubkal, amma har yau babu labarin ƙanenmu Muha. Tun ranar da guguwa ta raba shi da baƙin da ya yi wa jagora, jandarmomi sun nema sun gaji, mu ma mun nema. Matarsa Tamu tana nan a ɗakinta, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Liman ya ce in ba a ga gawa ba, sai ta yi shekaru tana jira. Ta rame ƙwarai, ko burodi ba ta iya gamawa.

Yanzu kuma Baba ya ce shi zai hau da kansa. Na ce masa, "Baba, da wace gwiwar?" Ya ce, "Da wadda na ɗauke ka da ita kana majina. Ɗaura wa alfadari sirdi, ka daina min surutu."

Kin san halinsa. Jibi za mu tashi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Asu.

Imlil, ranar Asabar.

Yaya Zayna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, mun dawo. Baba yana kwance, ƙafafunsa sun kumbura, amma yana shan shayi.

Alfadari ya kai shi masaukin mahaya dutse, daga nan sai ƙafa. Hawan da yake yi da gudu a da, wannan karon taku kaɗan sai ya tsaya, ya dafa sanda, ƙirjinsa yana kuka. Duk dutsen da ya ga inuwa a ƙarƙashinsa sai ya ce in leƙa. Na leƙa har yatsuna suka daina ji. Sau biyu ya yi amai. Na roƙe shi mu juya, ko kallona bai yi ba.

Rana ta take muka kai ƙoli. Iska kamar za ta ɗauke mu. Ya riƙe ƙarfen nan da aka kafa a sama, ya ƙwala kiran Muha har muryarsa ta dushe. Ni kuma na kwanta rub da ciki a bakin gangaren da ba a bi, na duba da madubin hangen nesa. Can ƙasa, cikin wani kwazazzabo da ko igiya ba za ta kai mutum ba, na hango wani abu ja, rabinsa cikin ƙanƙara. Muha da jar riga ya fita ranar.

Baba ya rarrafo kusa da ni. Idanunsa ba sa kaiwa can, ko da madubin. Ya kama kafaɗata ya ce, "Me ka gani? Kada ka ɓoye min."

Na faɗa masa.

Ya ce, "Shi ne?"

Na dubi leɓunansa da suka yi baƙi don sanyi. Na san in na ce ban tabbata ba, gobe ma zai sake hawa, kuma ba zai sauko ba. Na ce, "Shi ne, Baba."

Ya yi salati, ya zauna a kan duwatsun ya yi kuka, irin wanda ban taɓa jin ya yi ba. Da ya gama ya ce, "To, kai ni gida." Yawancin hanyar a bayana ya sauko.

Jiya Tamu ta sa fararen kayan takaba. Mata sun cika gidan, ana ta dafa abincin sadaka. Ranar Talata za a kai ni gaban alƙali in rantse a kan abin da na gani.

Yaya, ke kaɗai nake gaya wa. Abin da na hango zai iya zama riga, zai iya zama yagaggen tanti ko buhu da iska ta kwasa. Ban san ko shi ne ba. Ki rubuto min kafin Talata ki gaya min abin da zan ce.

Ki gaishe da yara.

Ƙanenki,
Asu.