Gurbin Baba na Ranar Talata

Litinin, 3 ga Maris
Na gama API ɗin asibitin ido, wato ɓangaren manhajar da ke karɓar suna, lambar waya da rana, ya tantance, ya ba mutum gurbin ganin likita. Dogo, mai teburin da ke kallon nawa, ya duba ya ce, "Malama, kin sa ana kama gurbi kafin a duba lamba. Juya su." Na ce ai duka za a duba, juyin na mene ne? Mutumin nan ko ruwa kake sha sai ya gyara maka riƙon kofi.

Laraba, 5 ga Maris
Shiru, komai lafiya.

Alhamis, 6 ga Maris
Baba ya kira. Ya nemi gurbi a manhajar asibitin, sau uku ana ce masa lambarsa ba daidai ba, na huɗu aka ce Talata ta cika. Likitarsa Talata kawai take zuwa, ga idon hagun kullum ƙara dushewa yake. Na ce, "Baba, kai da waya sai a hankali, bari in zo." Ya ce, "To, uwata." Muryar ba ta yi min daɗi ba.

Juma'a, 7 ga Maris
Na buɗe bayanan. Gurbi uku suka rage ranar Talata, duka ukun a riƙe da sunan Baba. Tazara yake sawa tsakanin lambobi, yadda yake rubuta su a littafinsa. Manhajar kuwa jerin da na ba ta take bi: ta kama gurbi, ta duba lamba, ta ƙi, gurbin ya maƙale. Mutum goma sha ɗaya ta yi wa haka. Kunya kamar in nutse.

Na juya jerin: suna, lamba, rana, gurbi a ƙarshe. Layi biyu kacal na sauya a manhajar. Na saki guraben, na sa ta riƙa share tazara da kanta. Dogo ya leƙo, ya gyaɗa kai, ya koma aikinsa. Da gori ya yi min da ya fi sauƙi.

Asabar, 8 ga Maris
Na je gida. Baba ya miƙo wayar, "Ungo, ke kika iya." Na ce a'a, ya cika da kansa. Minti shida, da tazararsa da komai. Hannuna na ta ƙaiƙayi, na zauna a kansa.

Saƙo ya fito: Talata, ƙarfe goma. Ya kai wayar dab da idon dama, ya karanta sau biyu.

"Ashe yau na iya."

Na ce, "Da ma can ka iya, Baba."

Sauran ban faɗa masa ba tukuna.