Ƙyallen Huseina

Asabar, 16 ga Rajab 1408

Na zazzage buhun ƙyallaye don in share ɗakin keke. Shekara tara ina ɗinki, ban taɓa zubar da ragowar yadin kowa ba, ban kuma taɓa amfani da shi ba. Ba nawa ba ne.

Ƙanwata Larai ta iske ni a tsakiyarsu. "Yaya, kiwonsu kike har su haihu? Yadi ya yi tsada, harhaɗa su ki yi mayafin gado."

Na ce haƙƙin mutane fa? Ta yi dariya har da riƙe ciki.

Litinin, 18 ga Rajab

Na haɗa, don in gani kawai. Ashe shadda ba ta zama kusa da atamfa, sai ta ja ta. Me ya sa? In an wanke su tukuna sai su shirya. Koren nan mai ganye na sa a tsakiya.

Ya yi kyau. Astagfirullah, ya yi kyau.

Talata, 19 ga Rajab

Malam ya ce abin da aka saba bar wa tela, al'ada ta yafe. Na ce to. Zuciyata ba ta ce to ba.

Lahadi, 24 ga Rajab

Na gama gidajen Gwandu da mayafin, ina neman yafiya. Kowa dariya. Lami, ɗaya daga masu kawo mini ɗinki, ta ce, "Na yahe duniya da lahira, har da wanda ba nawa ba!"

Saura koren. Na Huseina ne, wata mata a garin Kalgo da ta rasu bara da damina.

Laraba, 27 ga Rajab

Kalgo. Na sami ɗiyarta Salamatu tana tankaɗe. Ban gama bayani ba ta ɗora yatsa a kansa, da gari da komai.

"Wanga zanen ta ɗaura ranar sunan ɗana."

Tufafin uwar duk an raba, an yi sadaka, ko ɗankwali bai rage mata ba. Na ce ta yafe mini. Ta ce a hankali: "Ban yahe ba, Inna. Ina son abina."

Na ari reza a nan gidan na farke ɗinkin. Bai wuce tafin hannu ba. Ta kai shi hanci tana shinshinawa.

A mota na yi ta mamakin yadda hankalina ya kwanta.

Alhamis, 28 ga Rajab

Rami a tsakiyar mayafi. Na gwada ƙyalle bakwai, babu wanda ya zauna.

Juma'a, 29 ga Rajab

Na buɗe adaka. Zanen saƙin mahaifiyarmu Inno, Allah ya jiƙanta, shekara goma sha ɗaya a ninke. Ko Larai ban taɓa bari ta taɓa ba. Gara ma ta fara cin gefensa, ban sani ba.

Gefen kawai na yanka, tafin hannu ɗaya, na cike ramin da shi. Dama ya lalace.

Na ɗan kwanta da azahar na rufa, ko da zafin nan. Don in gwada ɗinkin ne.