Yayana Ya Hana Ni Rubuta Bayanin Fulogin Ɗinmu

Tanti Shamsiyya, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa wannan magana a gidanmu.

Ni da yayana Haladu, uwa ɗaya uba ɗaya, muna aikin informatik, wato na kwamfuta, a Tasawa. Wata ƙungiyar manoma da makiyaya ce ta ba mu aikin lojisiyel, wato manhajar kwamfuta, da ke tura wa mambobinta saƙo a waya: ranar allurar dabbobi, famfon da ya lalace, farashin hatsi a kasuwa. Lojisiyel ɗin yana zaune a kilawud, wato injinan haya na wani kamfani da ake kai musu ta intanet. Abin da ke ɗora shi can kuwa wani ɗan ƙaramin lojisiyel ne da muke kira fulogin, Yaya ne ya rubuta shi da hannunsa. Kowane fulogin yana da fishiye na metadone, wato fayil ɗin bayanansa, inda ake faɗin sunansa, wanda ya yi shi, wace bersiyo ce, wato fitowa ta nawa, da abin da yake buƙata kafin ya tashi. Namu rabinsa fanko ne. Sauran kuma sunayen da Yaya ya raɗa musu shi kaɗai ya san ma'anarsu, akwai ma wanda ya sa wa sunan akuyar Inna.

Bayan damina zazzaɓi ya kwantar da shi a asibiti, ko magana ba ya iyawa. A satin nan kamfanin ya canza tsarinsa, ya ce duk fulogin da bai bayyana bersiyo ɗin da yake aiki da ita ba zai tsaya. Namu ya tsaya. A satin nan kuma masu allurar dabbobi suka ɗage ranar zuwansu Kanan-Bakashe. Na buɗe fishiye ɗin ina kallo, ban san abin da zan taɓa ba, saƙon bai fita ba. Makiyaya suka koro shanu daga nesa cikin rana, suka tarar babu kowa. Wani dattijo, Hamani, ya zo biro ɗinmu, wato ofishinmu, daga baya. Bai yi faɗa ba. Ya ce mini saniyarsa mai ciki ta yi ɓari a hanyar komawa, kuma daga yau ko saƙonmu ya shigo sai ya aika a tambayo masa tukuna. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar na fara rubutu. Na bi aikin layi-layi har na gane shi, na cike metadone, fulogin ya sake tashi, na ba kowane abu suna mai ma'ana, na rubuta yadda ake ɗora fulogin da yadda ake gyara shi, da Faransanci da Hausa. Da Yaya ya warke ya gani, ransa ya ɓaci. Ya ce abin da ke kansa shi ke ciyar da gidanmu, ranar da aka rubuta shi ƙungiya za ta miƙa wa wani daga Maradi ta sallame mu. Ya canza kalmar sirri, yanzu ba na iya ɗora komai. Inna ta ce in bi yayana, shi ya kai ni lakwal na yi karatu bayan rasuwar Baba, shi ya koya mini aikin. Gaskiya ta faɗa, ban musa ba.

Amma Tanti, na riga na yanke, bayanin nan sai ya kai inda ya kamata. Ina da kwafi a ordinatata, wato kwamfutata. Sau da yawa nakan ji kamar in kai wa shugaban ƙungiya ba tare da Yaya ya sani ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda zan yi wannan ban rasa ɗan'uwana ba.

Ƙanwar mai fulogin, daga Tasawa

Ɗiyata,

Ban san aikinku ba, don haka sai da na tambayi wani masanin informatik kafin in ba ki amsa. Ya ce abin da kika yi shi ne daidai, kuma aikin da ba a rubuta bayaninsa ba bai kammalu ba. Ni ma da ba masaniya ba na ga haka. Abin da mutane suka dogara da shi don dabbobinsu bai kamata ya kwanta duk ranar da mutum ɗaya ya kwanta ba. Kada ki janye.

Sai dai kada ki kai kwafin nan a ɓoye. In kika yi haka, maganar za ta tashi daga kan makiyaya ta koma kan cin amana, kuma a wannan maganar ke za ki faɗi. Yayanki ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Mutumin da ya ɗauki gida tun yana saurayi, ya tashi daga jinya ya tarar an koyi yin aikinsa ba da shi ba, dole ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashinsa. Kuma tsoronsa ba na banza ba ne, ana sallamar mutane.

Ki fara da duba yarjejeniyarku da ƙungiya, ki san ko fulogin nasu ne ko naku, domin wannan zai nuna abin da kuke da ikon riƙewa. Sannan ki zauna da shi ku biyu, ba a gaban Inna ba. Ki buɗe masa metadone ɗin ya ga sunansa a wurin wanda ya rubuta, da sharuɗɗan amfani da ku za ku zaɓa. Fishiye ɗin nan da yake jin tsoronsa shi ne shaidar cewa aikin nasa ne. Ki tabbatar masa babu kalmar sirri ko ɗaya a cikin bayanin, waɗannan a ajiye su daban, a hannunku da hannun amintacce ɗaya. Ki roƙe shi ya gyara inda kika yi kuskure, don tabbas akwai, kuma wanda ya sa alƙalaminsa a rubutu ba ya ƙinsa kamar da. Daga nan ku je wurin ƙungiya tare, ku miƙa bayanin, ku nemi a rubuta muku yarjejeniyar kula da aikin ta wasu shekaru. Ta haka gidanku zai samu tabbacin da ɓoyewa ba za ta taɓa ba shi ba.

Ki sa lokaci: kafin zagayen allura mai zuwa. In har ya ƙi, ki gaya masa ido da ido, cikin ladabi, cewa za ki sanar da shugaban ƙungiya ba ki da ikon tayar da aikin in ya sake tsayawa. Wannan gaskiya ce da suke da haƙƙin sani, kuma ba a bayansa kika faɗe ta ba. Zai iya yin fushi na ɗan lokaci. Ki ci gaba da gaishe shi da safe, ki kai masa abinci kamar yadda kika saba.

Allah ya ƙara masa lafiya, ya sassauta zuciyarsa, ya sa albarka a hannuwanku ku biyu.

Tanti Shamsiyya