Asuwakin da Yaya ya cusa a tiyon babur

Assalamu alaikum 'yan gida. Admin don girman Allah a sakaya sunana, na san akwai 'ya'yan danginmu a group ɗin nan. Ni tela ne a unguwar Dilimi, na kusa saba'in, kuma ban saba fitar da maganar gida waje ba, amma wannan ta fi ƙarfin cikina. Don Allah ku ba ni shawara, ku kuma yi haƙuri da tsawon zancen, dole sai na faro daga baya.

Mu uku ne a ɗakinmu, Yaya, ni, sai autarmu mace, zan kira ta Laraba ko da yake ba shi ne sunanta ba. A ƙarshen shekarun alif ɗari tara da saba'in, lokacin ina saurayi ina koyon ɗinki, Yaya yana sayar da yadi a kasuwa, ya samu ɗan ci gaba ya sayi sabon babur ja. Wallahi tun daga ranar ba mu ƙara shan iska a gidan nan ba. Mutum ne mai son a gan shi, farar shadda, farin takalmi, hula a karkace, ya ƙara wa babur madubai har sun fi na wanzami yawa. Wanke shi yake safe da yamma, amma abin da ke cikin injin ko kusa bai sani ba, kuma girman kai ba zai bar shi ya tambaya ba. A ganinsa baƙin mai a inji kamar man shanu ne a tuwo, iya yawansa iya daɗinsa, don haka kullum cikin ɗura masa yake, har sai ya ga man ya taso baki.

To akwai wani ɗan tiyo siriri da ke fitowa daga jikin inji ya leƙa ƙasa, ta nan inji ke fitar da iskar da ta taru a cikinsa. Da mai ya yi yawa sai ya fara ɗiga ta wannan tiyon. Duk inda Yaya ya ajiye babur sai ya bar baƙin tabo, ƙofar gida, bakin masallaci, gaban shagonsa, har farin takalmin nan bai tsira ba. 'Yan majalisar ƙofar gidanmu kuwa suka samu abin yi, yana tsayawa za su ce a kawo tsumma, babur ɗin Yaya bai daina fitsarin kwance ba. Wannan tsokana ta fi komai ƙona masa rai, don shi a taɓa masa ado gara a mare shi.

Da ni muka je wurin wani bakanike Bayarabe a Kwararafa, ana ce masa Baba Rasaki. Ko minti biyu bai yi ba ya ɗago ya ce, "Oga, wannan tiyo hanci ne na inji. Mai ya yi yawa shi ya sa yana zuba. Bari na rage, amma hanci kam ka bar shi a buɗe." Yaya ya hau babur ya ce in hau mu tafi. A hanya yake ce min wai mutumin so yake ya tsiyaye masa mai ya sayar wa wani, shi ba a yi masa wannan wayon. Kun ji fa irin basirar Yayana.

Bayan 'yan kwanaki ɗigar ta tsaya cak. Yaya ya riƙa cika baki a majalisa, wai shi da kansa ya gyara, babu bakaniken da ya ci sisinsa. Ni ban tambayi yadda ya yi ba, don ƙani ba ya tambayar Yaya irin wannan. Ranan nan ana suna a gidan gwaggonmu a Rikkos, Inna ta ce a kai Laraba da langar abinci, Yaya yana da baƙi a kasuwa, sai ya miƙo min makulli kamar mai ba da kyautar doki. Allah shi ne shaidata a hankali nake tafiya, yarinya tana baya da langa a cinya, ina ni ina gudu. Mun zo wata gangara mai kwana, na ɗan taka birki, kawai sai na ji bayan babur ya zame kamar an ja shi da igiya. Ni na kurje a gwiwar hannu na tashi. Laraba ba ta tashi ba, babur ya danne mata cinya, ƙashi ya karye kusa da ƙugu. Aka yi ta ɗori wata da watanni, ƙafar ta warke a gajarce. Tana 'yar shekara sha biyar ta fara ɗingishi, har yau da jikokinta haka take tafiya.

Kafin in dawo daga wurin mai ɗori Yaya ya gama shafa min kashin kaji. Ya gaya wa Baba da Inna da duk wanda ya zo jaje wai dama ya sha gargaɗina a kan gudu, wai ina yi wa 'yan mata burga ne a hanya. Yana faɗa yana share hawaye, kuma na lura babur ɗin ya fi yi wa kukan. Ni kaina sai da na fara zargin kaina, har ranar da aka aike ni ɗauko babur daga wurin Baba Rasaki. Ya kira ni gefe ya nuna min tayar baya, sharkaf da baƙin mai, ya nuna min wajen sarƙa inda man ya ɓalle. Sannan ya zaro tiyon nan ya sa min a hannu. Guntun asuwaki ne aka cusa a bakinsa, aka naɗe da zaren da ake ɗaure bandir na yadi. Ya ce iska ta rasa hanyar fita, ta fasa robar da ke tare mai, man ya feso a kan taya. Gyaran da Yaya yake taƙama da shi ke nan.

Na kai wa Yaya tiyon har ɗaki. Ko gezau bai yi ba, ya karɓa ya wurga a masai, ya ce in ba ni da kunya in je in faɗa, a ga wanda za a yarda da shi. Na je na faɗa wa Babanmu. Baba ya ce in rufe masa baki, ƙaddara ta riga fata, kuma shi a gidansa ƙaramin yaro ba zai ƙaryata babba ba, in ya ƙara jin maganar nan bai yafe min ba. Na yi shiru. Baba ya rasu, Inna ta rasu, Baba Rasaki ya koma garinsu, ni ina nan da shirun. Laraba ba ta taɓa zagina ba, amma ba ta ƙara hawa abin da nake tuƙawa ba, ko 'ya'yanta ba ta bari na ɗauka a keke ba. In an taru a biki ta kan ce da ni Sarkin Gudu tana dariya, kowa ya yi dariya, shi ma Yaya ya yi, har ya fi kowa ɗaga murya. Shi ne mai tausayi a idonta, shi ya saya mata sanda, shi ya yi mata kayan ɗaki, da mijinta ya rasu kuma shi ya ba ta sashe a gidansa, a can take zaune yanzu. Kallon kitse take yi wa rogo, ni kuma ina gani.

Abin da ya taso da maganar shi ne, Yaya zai tafi Umara. Ba yau ya fara zuwa Makka ba, bai taɓa tunawa da ni ba, amma bana likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, sai tsoro ya kama shi, ya shiga bin gida gida yana neman gafara kamar yadda matafiya ke yi. Ya zo shagona, ya bari sai da kwastoma ya fita, ya zauna a benci yana jan carbi, ya ce in yafe masa duk abin da ya yi min, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Na ce wanne daga ciki? Ya ce ai na gane. Na ce ban gane ba, ya faɗa da bakinsa. Wallahi dattijo mai furfura, ƙafa ɗaya a kabari, ya kasa furta kalmar tiyo. Na ce masa ni kurjewa kawai na yi, mai ƙafar tana cikin gidansa, ya je ya faɗa mata gaskiya a gabana, in ya yi haka na yafe duniya da lahira. Sai ya ce wai in dubi zumunci, wai tone tone ba shi da amfani, wai in ta ji za ta tattara ta bar gidan, ina za ta je da ƙafar nan? A nan na ƙara raina shi, ko neman gafarar ma so yake ya yi ba tare da shaddarsa ta ɓaci ba.

Amma abin da ya dame ni, maganarsa ta ƙarshe ba ƙarya ba ce. Na san halin Laraba, in ta ji ba za ta ƙara kwana a gidan ba, ni kuma ɗaki biyu gare ni da iyali. In na faɗa, na wanke kaina amma na tayar da tsohuwa daga inda take da rufin asiri. In na yi shiru ya tafi bai dawo ba, babu sauran mai shaida, in ma na faɗa daga baya za a ce na yi wa mamaci ƙazafi.

Jiya da hantsi Laraba ta kira ni a waya, muryarta a sanyaye. Ta ce, "Yaya ƙarami, don Allah kafin Alhaji ya tashi ka je ka durƙusa ka nemi gafararsa. Ni na daɗe da yafe maka ƙafata, amma shi sabon babur ɗinsa ka lalata masa, bai taɓa yi maka gori ba."

Na ce mata to, na kashe wayar. 'Yan gida, jirginsu ya kusa tashi. In je gidan in faɗa mata a gabansa, ko in bar ta ta mutu tana ganin ni ta yafe wa?