Motar da Abban Zinariya Ke Haɗawa

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Yau Abban Zinariya ya fita shi kaɗai, karo na farko tun da aka sallamo shi daga aikin soja. Ya ce kasuwar Tudun Wada kawai zai leƙa. Na tsaya a zaure da hijabi a hannu, na rasa ko in bi shi. Ya dawo da leda: bututun roba irin na masu gyaran famfo, gam, sanfefa, reza, da gwangwanayen madara da ya karɓo wurin mai shayi. Na ce na mene ne? Ya ce, "Mota zan haɗa."

Mijina ke nan, Kailani, wanda tun da bam ya tashi da motarsu a Borno bai yi mini doguwar magana ba. Yatsu biyu suka rage masa a hannun dama, kunnen hagu ba ya ji. Ya kamata in yi murna ya nemi abin yi.

Rezar ce ba na so a hannunsa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ya tsaga bututun, ya gasa a kan risho, ya danne da turmi har ya miƙe kamar allo. Gida duk warin roba. Na ɗauka motar wasa zai yi wa 'yarmu Zinariya. Ashe motar sulke ce. Tasu.

Akwai hotonta a wayarsa, su huɗu a tsaye a gabanta suna dariya. Ya nuna mini da ɗaya daga yatsun da suka rage: Charles direba, ɗan Wusasa. Zulkiflu mai bindiga a sama. Lawal. Sai shi. Shi kaɗai ya dawo.

Wai duk abin da ya kai santimita talatin da biyar a ainihin motar, a nan santimita ɗaya zai zama. Yana ta awo da rula yana motsa baki. Har azahar ta wuce sai da na tuna masa.

Talata, 14 ga Mayu

Bai ci abinci ba. Reza ta yanke shi a babban yatsa, ya tsotse jinin ya ci gaba.

Asabar, 18 ga Mayu

Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Gyallesu. Ta daɗe tana kallon abin a kan teburin falo. Yanzu ya fara kama da mota, gaba mai tsini, ƙananan tagogi kamar idon mage. Ta ja ni kicin ta ce, "Jannatu, ke kika bar shi yana tono abin da Allah ya rufe? In ya shiga wanka ki kwashe ki zuba a shara." Na ce to, Hajiya. Ba zan iya ba. Ita za ta koma gida ne, ni zan kwana da abin da zai biyo baya.

Juma'a, 24 ga Mayu

"Jannatu, riƙe mini nan."

Sunana ya kira. Na manta rabon da in ji shi a bakinsa.

Ƙofar baya ce ta gagare shi, 'yar mitsitsiya, yatsunsa ba sa iya kama ta. Na riƙe, ya ɗiga gam da tsinken sakace. Ya ce hannuna ba ya rawa. To ai sana'ata ke nan, shekara nawa ina zana wa amare lalle. Daga nan ya sa na yanko tayoyi daga tsohon silifa baƙi, na yi musu zane-zanen taya da bakin allura mai zafi. Ya duba ya ce madalla. Na shiga ɗaki na yi kuka, ban san ko na mene ne ba.

Laraba, 29 ga Mayu

Hadari ya taso da la'asar muna aiki. Tsawa ɗaya aka yi, sai na gan ni a ƙasa. Ya fizgo ni ya danne kaina da ƙirjinsa yana ihu, "Kar ka buɗe! Charles, kar ka buɗe!" Zinariya ta tsala ƙara a bakin ƙofa. Da ya dawo hayyacinsa ya sake ni, ya koma kujera ya ɗauki sanfefa kamar ba a yi komai ba.

Wuyan hannuna ya kumbura. Na ce wa maƙwabciya tukunya ce ta faɗo mini.

Zinariya ta ƙi zuwa kusa da shi. Yarinyar da ko makarantar boko ba ta shiga ba, ta iya tafiya a kan yatsun ƙafa a gidan ubanta.

Litinin, 3 ga Yuni

Ƙaninsa Muntaka ya zo gaisuwa. Ya yaba motar, ya ce, "Yaya, in ka gama wannan sai me?" Ina daga kicin na ji amsar. "In na gama, na huta ke nan."

Kuma ya ba Muntaka takalmansa na soja da agogonsa. Wai sun ishe shi.

Ya Allah. Mutum ya fara rabon kayansa yana da rai. Na huta ke nan. Wane irin hutu?

Alhamis, 6 ga Yuni

Na fasa lallen biki a Dutsen Abba, na ce ba ni da lafiya. Ba zan bar shi shi kaɗai ba. Ko banɗaki ya shiga sai in tsaya ina sauraron ƙarar buta.

Asabar, 8 ga Yuni

Na ɗauke taya ɗaya na tura cikin garin lalle. In babu taya ba za a gama ba. In ba a gama ba...

Na san wauta ce.

Laraba, 12 ga Yuni

Ya birkice falo yana nema. Ya ɗaga kujeru, ya zazzage kwandon shara, gumi ya jiƙe masa riga. Sai ya zauna a ƙasa ya riƙe kai yana cewa, "Ko ban yi ta ba ne? Na yi ko ban yi ba?" Ya fara bugun goshinsa da hannu. Wannan ne na kasa jurewa. Na ɗauko tayar na ajiye a gabansa, duk ta yi kore da lalle.

Na jira ya taso mini. Bai taso ba. Ya ce, "Me ya sa?"

Na ce saboda abin da ka gaya wa Muntaka. Na ce Abban Zinariya, kashe kanka za ka yi?

Ya daɗe yana goge tayar da gefen rigarsa. Ya ce a asibiti ya yi wannan tunanin, ba sau ɗaya ba, ba zai yi mini ƙarya ba. Har yanzu wani lokaci yakan zo masa. Amma ba shi yake nufi ba. Ya ce tun da abin ya faru kansa yoyo yake yi. "Jiya na nemi muryar Lawal na rasa. Ina riƙe da su duka a kaina, Jannatu, wa ya zauna ina, me aka rataya ina. In na sake, sun tafi. Na gaji da riƙewa. In na sa su a nan, ko na manta suna nan."

Na ce to sai mu koma wurin likita. Ya ci gaba da goge tayar.

Har yanzu wani lokaci yakan zo masa. Wannan kawai nake ji.

Litinin, 17 ga Yuni

Washegarin Sallah. Unguwa duk babbakar kai da ƙafa. Warin yana shigowa ya ruga bayan gida ya yi ta amai. Da ya fito sai ya nemi kyandir. Ya ce gefen dama zai ƙona, ya lotsa ƙofa, ya sa baƙin hayaƙi, domin a haka ya gan ta a ƙarshe. Har ya kunna. Ina ganin harshen wutar kusa da robar da muka yi wahala a kanta.

Na ce ka bari sai an yi fenti tukuna. Abin da ya zo mini baki ke nan. Ya hure kyandir ɗin.

Talata, 25 ga Yuni

Akwai abin da Charles ya rubuta a jikin ƙofar direba, hoton bai nuna sosai ba, shi kuma ya manta. Ya kwana biyu yana fama. Na ce me zai hana mu tambayi mahaifiyar Charles? Ya kalle ni kamar na zage shi. Bai taɓa zuwa yi mata ta'aziyya ba. Wai da wace fuska.

Asabar, 29 ga Yuni

Mun je Wusasa. A keke napep ya riƙe ƙarfen kujera har muka isa, duk ramin da muka faɗa sai ya runtse ido.

Mahaifiyar Charles, Mama Suzana, tsohuwar malamar asibiti ce, 'yar ƙarama, da tabarau. Ta gane shi kafin ya buɗe baki. "Kailani ne? Kai ne mai satar wa Charles yaji?" Ya durƙusa a gabanta ya kasa ko gaisuwa. Ta dafa kansa ta bar hannun a nan. Ni dai ina tsaye da ledar lemo kamar gunki.

Ta kawo mana kunun gyaɗa. Ta nuna hoton da Charles ya turo mata. Rubutun ashe "Sai Mun Dawo" ne, da farin fenti, harafin ƙarshe ya karkace.

Da ya gaya mata abin da yake haɗawa, da maganar ƙonawa, ta cire tabarau. Ta ce, "Ɗana, ni ban ga ƙonanniya ba, kuma ba na son gani. Kullum in ya kira ni daga cikinta yake kira, ina jin ƙarar inji yana dariya. In za ka yi, yi mini wadda yake tuƙawa."

Muka yi mata sallama muka dawo gida.

Lahadi, 7 ga Yuli

Fenti. Ruwan ƙasa da kore, ya haɗa da kansa sai da ya yi daidai da abin da ke kansa. Rubutun ƙofa ni na yi, da siririn tsinke irin yadda nake fitar da ganye a yatsan amarya. Ya ce in karkatar da harafin ƙarshe. Na karkatar.

Sai ƙananan abubuwa. Ya tankaɗe jar ƙasa da rariyata ya shafa a tayoyi da ƙasan mota. Tsatsa a bakin ƙofa. Butar Zulkiflu a ɗaure a baya, da dutsen carbi muka yi ta. Ɗan gicciyen Charles a gaban gilashi, waya ce na lanƙwasa da filaya. Ragar da suke rufe motar da ita, daga tsohon gidan sauro muka yanko. Yana yi yana ba da labari guntu-guntu. Wai Lawal ba ya iya barci sai ya cire safa ɗaya.

Kyandir yana nan a kan taga. Ina kallonsa, shi ma yana kallonsa.

Alhamis, 11 ga Yuli

An gama. Bai ƙona ba.

Ya zauna a gabanta tun hantsi. Na yi wanki a inda zan riƙa hango shi. Yau ce ranar da nake tsoro.

Da la'asar ya ce, "Wace rana likitan nan yake zama?"

Litinin, 15 ga Yuli

Mun ga likita. An ba shi magani, an ce ya riƙa zuwa. Daga can muka kai wa Mama Suzana motar a cikin kwalin taliya. Ta sa a kan kabad kusa da hoton Charles, ta ce duk ran da ya ga dama ya zo ya gaishe su.

Tebur ya zama fili. Ban son ganinsa haka.

Laraba, 17 ga Yuli

An yi tsawa. Ya shige ɗaki ya rufe ƙofa. Bai taɓa kowa ba. Ya fito idonsa ja.

Asabar, 20 ga Yuli

Lallen biki a Kwangila. Shi ya matsa mini in je, ya ce shi da Zinariya za su ji da kansu. Na ce a raina amarya kawai zan yi wa in gudo. Sai ga ƙawaye, sai ga gwaggo, sai aka kawo waina. Wata mata ta ba da labarin surukarta na yi dariya har na ɓata fure ɗaya. Sai a keke na ga wayata a kashe take tun azahar, caji ya ƙare ban lura ba.

Ban ce ya warke ba. Ba zan rubuta haka ba.

Na sauka a bakin layinmu, ina hango ƙofar gida a rufe. Mai gasa masara tana nan, masarar sabuwa ce. Na tsaya na saya mana. Har na ce ta canza mini ɗaya, ba ta gasu sosai ba, na jira.