Malfar Inna ta zauna Kagara

Wurno, watan Rajab, 1948

Zuwa ga ƙanena Abdulƙadiri a Kumasi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah shi sa takardar nan ta iske ka lahiya kai da iyali. Mu nan sai godiya, an ɗebe albasa, fataucin fatuna ma shina tahiya yadda nike so.

Ka tuna malfar Inna mai jan ƙyalle, wadda taka azawa bisa lulluɓi in ta ja matan 'yan taru zuwa ɗaukar karatu? Har yau in na rufe ido ina jin waƙensu daga bakin gulbi, mu muna biye da ƙafa don a ba mu ƙuli. Tun rasuwarta matan sunka ce yayarmu Turai za ta gaje ta ta zama jaji, wato jagorar ayarinsu, amma mijinta Mode ya ƙi. Yac ce malfa ta maza ce, kuma ba a gidanai mace za ta riƙa jan ayari ba. Matan Gandi kuwa har sun aiko a ba su malfar.

Ka san ni, makarantar Midil na yi, ban gaji ko akuya ba, da bakina na tsai da kaina cikin kasuwa. Amma hujjar kasuwa ba ta kama mai gida cikin zaurenai. Sai na tuna yadda Inna ka yi da Baba: ba ta taɓa cewa "ina so" ba, sai ta aje magana inda zai tsince ta shi ce tashi ce. Na tahi Kagara gidan Mode, inda malfar take aje hannun Turai, na yaba gero, na sha hura, ban ambaci Turai ba. Da zan tashi na ce na zo ɗaukar malfa in kai Gandi, tunda an ce can ne akwai mai gidan da zai iya saukar da baƙin mata shi ciyar da su. Mode ya daɗe shina kallon rumbunansa, kana yac ce, "Da mi Gandi ta fi ni? Malfar ga ba ta fita gidana."

Ranar Alhamis Turai ta aza ta. Daga nesa, wallahi, sai na ga tahiyar Inna. Ƙyallen dai ya koɗe, ka aiko da sabo ja mai kyau, kada ka ba kowa sai hannun Isa direba.

Ka gaishe da Kaltume da Yusha'u, Goggo Habi tana sa maka albarka.

Naka yayanka,
Mainasara