Na Sauke Motar Ƙasa

Asabar, 5 ga Yuli, 2025

Yau na kusa kashe mutum a hanyar Gubi. Mai keke-napep ya shigo titi bai duba ba, na taka birki, ƙafata ta tafi har ƙasa kamar na taka soso. Motar ta tsaya, amma sai da na ga fararen idon matar da ke bayan keken. Ban faɗa wa matata Khairat ba, cikinta ya tsufa, ba na son tayar mata da hankali.

Litinin, 7 ga Yuli

Na kai motar garejin Sabitu. Ni birki kawai na je gyarawa. Sai ga Jalo, abokina tun makaranta, wanda shi ya zuga ni na sayi jar motar nan mai ƙofa biyu. Ya ce mota mai ƙarfi irin wannan ba a sa mata takalmin birki na gama-gari. A sa manyan faifai, a sa takalmi na masu tsere, a canza man birki. Na yarda. Sai ya ce ai in birki ya yi ƙarfi, gaban mota zai riƙa dungurawa, dole a canza shokozoba da sifirin, a sauke ta ƙasa ta kama titi. Na dubi Sabitu. Ya ce, "Duk yadda ka ce, Yallaɓai." To ni me na ce? Ban tuna na ce komai ba, amma an aika Kano a kawo kaya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na kalli bidiyo a waya har idona ya yi zafi. Wani ya ce a sauke, wani ya ce kada a taɓa. Dukkansu titinsu sumul, ko rami ɗaya babu.

Asabar, 19 ga Yuli

An gama. Wallahi ta yi kyau, ta kwanta kamar kyanwa za ta kama ɓera. Mun fita hanyar Jos da Jalo, a kwana ba ta ko karkata. Birki kuwa, ka taɓa shi kawai. Jalo yana ta ihu, "Ka ji mota, mutumina!" Na ji daɗi. Ina jin na ji daɗi. Sai dai da muka dawo unguwar Ɗan Iya, cikin motar ya gurji tudun rage gudu na bakin layinmu, ƙarar ta shiga min har haƙori.

Lahadi, 20 ga Yuli

Birkin yana kuka in da sanyi. Sabitu ya ce zai daina. Jalo ya ce ba zai daina ba, kuma haka ake so.

Laraba, 23 ga Yuli

Na ɗauki Khairat zuwa awo. Ba mu kai titin kwalta ba ta riƙe mararta ta ce in tsaya. "Malam, me ka yi wa motar nan? Kamar a kan turmi nake zaune." Na fara yi mata bayanin sifirin mai tauri, ta ce ita dai in tare mata keke. Na tare. Na bi su a baya har asibiti, ni da jar motata, matata tana gaba a keke. Maigadin asibitin ya dube ni, ya dube ta, ya buɗe mana ƙofa.

Gyara na yi ko ɓarna? Da gaske nake tambaya.

Juma'a, 25 ga Yuli

Yanzu a karkace nake hawa kowane tudu, taya ɗaya bayan ɗaya. Masu babur suna min hon.

Talata, 29 ga Yuli

Da hantsi aka kira ni daga ƙauyen Zungur, Bappa Hammadu ba lafiya, fitsari ya ƙi fita tun jiya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sayar da bijiminsa na shiga jami'a. Ban tsaya tunanin wace mota ba, na fita daga ofis na kama hanya.

An yi ruwa. Inda aka sauka daga kwalta, ruwa ya zaizaye hanya ya bar tudu a tsakiya. Da motar tana tsohon tsayinta, da ta wuce. Wannan kuwa ta hau ta zauna a kan cikinta, tayoyi suna juyawa a banza. Ina hango rufin gidan Bappa, ba zan iya kaiwa ba. Mutanen gona suka zo suka ɗaga ta muka mayar da ita baya. Bappa kuwa a amalanken shanu aka kawo min shi, Inna Bintu matarsa tana tafe a gefe da butarsa a hannu.

Shigar da shi ma aiki ne. Kujera a ƙasa, ƙofa biyu, dattijo ba ya iya lanƙwasa. Inna ta kutsa baya da ƙyar. Kowane rami muka faɗa sai ya ce "La'ilaha illallahu" a hankali, yana danne ƙasan cibiyarsa. Sau ɗaya ya ce, "Fakuru, sannu-sannu dai." In na rage gudu mun daɗe, in na ƙara yana shan wuya. Ban san wanne zan zaɓa ba, na riƙa yin duka biyun.

Muna gab da shiga gari wata tifar yashi ta fito daga kwana ta cinye hannun da nake bi. Na taka. Motar ta tsaya cak, a miƙe, ba ta ko goce ba. Tsakaninmu da tifar bai fi kamu biyu ba. Da tsohon birkin ne, yau da ba ni na rubuta wannan ba. Inna tana ta salati. Bappa ya buɗe ido ya ce, "Mun iso ne?"

Laraba, 30 ga Yuli

An sa masa robar fitsari, ya samu sauƙi, har ya sha kunu. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da ƙoda ta taɓu.

Jalo ya zo dubiya. Na ba shi labari, ya ce, "Ka gani? Gyaran nan ne ya cece ku." Khairat tana zuba wa Inna abinci, ba ta ɗago ba ta ce, "Gyaran nan ne ya sa aka ɗauko Bappa a amalanke." Na rasa wa zan ce wa ba haka ba ne. Na fita waje na zauna.

Asabar, 2 ga Agusta

Na ce wa Sabitu ya bar birkin yadda yake, ya mayar da tsofaffin sifirin, ya nemo shokozoba mai laushi. Ya tambaya ko in an gama damina za a sake saukewa. Na ce e mana, saboda damina ce kawai. Jalo bai ɗauki wayata ba yau.

Lahadi, 10 ga Agusta

Na mayar da Bappa gida, har ƙofar zaure. Khairat ta ce za ta raka mu, ban roƙe ta ba. A dawowa barci ya ɗauke ta, kanta a jikin gilashi, hannunta a kan cikin. Wata tsohuwar motar burodi ta shiga gabana tun daga mahaɗar Zungur, hayaƙi kawai take yi. Hanya a buɗe, ba mai zuwa. Sai da muka shigo gari na lura ban wuce ta ba.

Wataƙila gajiya ce.